Fulawar Yaya da Butar Kaka

Ni dai ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Ina zaune lafiya a bakin ƙofar ɗakinmu a Agege, burodi a hannu, robar wake a cinya, sai ga Yaya ta fito rungume da wata 'yar tukunyar roba kamar mai ɗauke da jariri, ta dire min ita a tsakanin ƙafafuna. Gidan nan fa cike yake da yara. Akwai masu zuwa boko su dawo da sakamako mai kyau, akwai mai haƙurin zama ta tsince shinkafa ƙwaya-ƙwaya. Duk aka tsallake su aka zo kaina, ni da ko silifas ɗina sai an taya ni nema kullum da safe.

"Jibi zan tafi bautar ƙasa," in ji Yaya. "Ga amana."

"Amanar me? Ganyen miya?"

"Fulawa ce."

"Ina furen?"

"Ba ta taɓa yi ba."

"Ana ci?"

"Ka ci mana, in ka gaji da lafiyarka."

Na ɗago abin na duba. Ganyenta masu kauri ne, kamar an ɗura musu ruwa an ɗinke, dogaye kamar kunnen zomo. Duk jikinsu gashi ne fari-fari mai laushi irin na bargon jarirai, bakin kowane ganye kuma da ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa, kamar an sa mata lalle ya kama gefe kawai. Tsawonta bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa yatsu ba. Yaya ta saye ta ne a wajen masu fulawar bakin titi a Ikeja, tun tana 'yar mitsitsiya, lokacin da take aiki a wani kemis. Shekaru tana lallaɓa ta a kan taga. Ko mayafinta ba ta kula da shi haka.

Da wani lokaci ne da na ce ta kai wa wani. Amma a lokacin wuyana yana hannunta. Baba dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, kuma ya riga ya yanke shawara a kaina: tunda na ajiye boko a aji uku na sakandare, zai damƙa ni a hannun wani abokinsa mai tanka a Apapa in zama karen mota. Ni kuwa gyaran waya nake so. Akwai wani oga a Ikeja da ya ce zai ɗauke ni koyo, amma sai ubana ya zo da ƙafarsa ya tsaya min. Da na kai wa Baba maganar, ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce wanda makullin ɗaki ke ɓacewa a aljihunsa, wane mara hankali ne zai ba shi wayar mutane? A gidanmu kuwa mutum ɗaya ce ke magana Baba ya ajiye rediyo ya saurara, ita ce Yaya.

"Ka riƙe min ita da rai har in dawo," ta ce. "In na dawo na tarar da ita lafiya, zan san abin da zan gaya wa Baba. In ka kashe ta, ni da kaina zan raka ka Apapa."

Sai ta jero min dokoki. A ajiye ta a bakin taga inda haske ke shiga, amma ba a ranar tsaka ba. Kada ruwan sama ya taɓa ta. Kada ruwa ya taɓa ganyen ko da wasa, don gashin nan riƙe ruwa yake yi har ganye ya ruɓe. Ba a ba ta ruwa sai an tura yatsa cikin ƙasar an ji ta bushe ƙayau har ciki, shi ma sai a ƙara mata 'yan kwanaki. In ana shakka, a bari.

"Wato aikina shi ne kar in yi komai."

"Shi ya sa na zaɓe ka," in ji Yaya.

Kuma wallahi da farko na iya aikin. Na ajiye ta a tagar ɗakinmu na samari, wadda ke kallon baranda. Da safe kafin in tafi rumfar cajin waya da nake taya wani tsaro a bakin titin jirgi, sai in tura yatsa a ƙasar, in ji da sauran sanyi, in kama gabana. Na lura tana karkata wajen haske kamar mai leƙen maƙwabta, sai na riƙa juya tukunyar kaɗan-kaɗan don ta miƙe. In hadari ya taso, kuma a Legas ba ya neman izini, sai in bar rumfa in sheƙo gida in janye ta daga bakin taga. Abokaina suka samu abin yi. Wai na yi aure ban gayyace su ba. Na ce ai gara tawa, ba ta neman kati, ba ta neman shawarma, ruwa ma sai ta ga dama.

Abin da ban gaya musu ba shi ne, in na dawo a gajiye, kunnena cike da ihun kwandastocin motocin danfo, nakan zauna in riƙa shafa ganyen da bayan yatsa. Laushi kamar kan jaririn kyanwa. A tsakiyarta har wasu ƙananan kunnuwa biyu suka fito, farare tas don yawan gashi. Na ɗauki hoto na tura wa Yaya. Ƙauyen da aka kai ta sai an hau tudu ake samun sabis, sai bayan kwana biyu amsa ta zo: "Ba laifi." A bakin Yaya wannan lambar yabo ce.

Ana haka Kaka ta iso.

Kaka mahaifiyar Baba ce. Daga wani ƙauye can bayan Katsina aka kawo ta, don yanar ido ta rufe mata duka biyun, ba ta ganin komai sai inuwa-inuwa. Asibiti suka duba suka ce za a yi aiki, amma akwai layi, sai a jira. Ta sauka a ɗakin Umma, amma wuninta a baranda take yi, a kan tabarma, daidai ƙarƙashin tagarmu, don nan ne kawai iska ke ɗan ratsowa a gidan hayar nan.

Ni da ita kuwa tun ina ƙarami ba ma haɗuwa a rabu lafiya. Wasan jika da kaka ne, amma mu mun kai shi wani mataki.

"Ina mijin nawa mara aikin yi?" ta ce ranar da ta zo, tana laluben fuskata. "Har yanzu ba ka yi gemu ba? Ni fa na gaji da jira."

"Tsohuwa, ni na fasa. Na samu 'yar Legas."

"Da wane kuɗin? Ja'iri."

Tunda ido ba ya aiki, da hannu take ganin duniya. Komai sai ta taɓa. Ba a yi kwana uku ba hannunta ya kai kan taga ya faɗa cikin tukunyar Yaya. Ina daga ciki na ji salati.

"Innalillahi! Wace marainiya ce wannan aka bari da ƙishi? Ƙasa kamar toka!"

Na fito na yi mata bayani tiryan-tiryan, yadda Yaya ta yi min. Na ce irin wannan a cikin ganyenta take ajiye ruwanta, ba ta son a riƙa ba ta.

"Shuka ba ta son ruwa," Kaka ta maimaita a hankali. "To me take so, shayi?"

"Allah da gaske nake, Kaka."

"Na ji. Ku 'yan Legas komai naku a juye yake."

Na ɗauka magana ta ƙare a nan.

Sai a hankali na fara ganin canji. Tukunyar ta yi nauyi. In na tura yatsa, ƙasa jagab, alhali rabona da ba ta ruwa an daɗe. Ganyen ƙasa suka fara yin rawaya, suka yi laushi kamar tumatirin da ya kwana a kwando, ɗaya ya faɗo da kansa. Wasu ƙananan ƙudaje suka fara shawagi a kai. Na hau kujera na duba rufin kwano ko yoyo yake, ba komai. Na tsare ƙannena da tambaya, suka rantse. Har maman Yarabawa mai ɗakin ƙarshe na zarga, don ita ce mai shanya a igiyar baranda. Ta ce, "Ni? Omo Hausa, ka ga na yi kama da mai lokacin fulawa?"

Ranar da na gano, wuta aka ɗauke tun safe, janareton rumfa kuma ya ƙi tashi, sai na dawo gida wajen la'asar. Ina shigowa baranda na hango Kaka a kan kujera 'yar tsugunno, ta sauko da tukunyar ta ajiye a tsakanin ƙafafunta, buta a hannu, tana alwala a kanta. Ruwan hannu, ruwan fuska, ruwan damtse, duk yana sauka a kan kunnuwan zomon nan. Ruwan kurkurar baki ne kawai take juya kai ta zubar gefe.

"Kaka!"

Ba ta kula ni ba sai da ta wanke ƙafa ta yi addu'arta.

"Lafiya kake kira na kamar an biyo ka?"

"Tun yaushe kike yin haka?"

"Tun ranar da na ji halin da take ciki. Kowace salla. Kuma na goge mata jiki, duk funfuna ta lulluɓe ta, ba mai kula."

Na duba. Ganye uku sun yi sumul, kore shar, ta sa jiƙaƙƙen tsumma ta dirje su.

"Ba funfuna ba ce, gashinta ne!"

"Gashi? Ganye da gashi, kamar ɗan akuya? Kai dai ka faɗi gaskiya, ƙazanta ce irin taka."

Daga baya, da na huce, na zauna ta ba ni labari. A garinsu rijiya da nisa, in rani ya yi sai mata sun yi sammako. Ruwan da aka sha wahalar ɗaukowa a ka ba a zubar da shi a banza. Tun tana yarinya, ba a alwala a kan tsurar ƙasa. A gindin zogale ake yi, ko barkono, ko 'yar yakuwar bayan ɗaki, mutum ya samu ladan alwala, ya samu ladan shayar da shuka, ya kuma samu miya. Ta ce tun da ta zo Agege, duk lokacin da ta ji ruwan alwalarta yana gangarawa a siminti yana faɗawa kwata, sai ta ji kamar ta yi wa Allah ɓarna. Da ta samu wannan marainiyar sai hankalinta ya kwanta.

To ka gaya min yadda zan ce mata ta daina. Tsokana daban, hani daban. Zan iya ce wa Kaka haƙoranta sun tafi yajin aiki, ta yi dariya ta jefe ni da carbi. Amma in tsaya a gabanta in ce kar ki sake, wannan bakina ba zai iya ba.

Na je wajen Umma. Tana tuƙa tuwo, ko juyowa ba ta yi ba.

"Ni surukata ce. Kai ne mijinta. Ku ƙarata can."

Baba kuwa ba ya cikin lissafi. In je in ce masa amanar Yaya tana mutuwa, kuma uwarsa ce sila? Ai tankar Apapa ma sai ta zo har ƙofar gida ta ɗauke ni.

Sai na koma dabara. Na ɗora tukunyar a saman kwaba a cikin ɗaki, inda hannun Kaka ba zai kai ba. Da magariba ina dawowa na tarar da ita a baranda, a jiƙe. Wai da Baba ya dawo daga kasuwa Kaka ta ce masa, "Kai, shiga ɗakin yaran nan ka sauko min da marainiyata." Shi kuma ya shiga ya sauko da ita da hannunsa, bai ko tambayi dalili ba. Na tafi da ita rumfar caji. Nan kuma kowa sai ya matsa ganyen ya ji ko roba ce, wani ɗan okada ma da ya sha fiya wata ya rage, sai ya juye sauran a ciki, ya ce sadaka. Na dawo da ita gida.

Wata safiya na taɓa gindin na ji ya yi baƙi, ya yi lugub, yana wani wari kamar albasar da Baba ke warewa gefe. Na ɗan girgiza ta, ta yi lilo kamar haƙorin da zai fita. Na zauna a bakin katifa ina kallon ta. Gaskiya ba Apapa ce ta fara zuwa min a rai ba. Ƙananan kunnuwan nan biyu na tsakiya nake kallo, har lokacin farare, ba su san abin da ke faruwa a ƙasa ba.

A rumfa na nemi bidiyo a waya. Na samu wata mata tana bayani. Turancinta ya fi ƙarfina, ta hanci take yin sa, amma hannunta na gane. Na sayi sabuwar reza, na dawo gida, na yanke kan fulawar daga sama da inda ruɓa ta tsaya, inda cikin karan yake kore. Ganyen da suka rage da lafiya na murɗe su ɗaya-ɗaya daga jikin kara, a hankali don kar su yage. Na jera su da kan a faranti, ba ƙasa ba ruwa, na ɗora a saman kwaba don bakin yankan ya bushe. Gindin da ruɓaɓɓiyar ƙasar na kai bola.

Da azahar Kaka ta laluba taga ta ji wayam.

"Ina take?"

Na gaya mata. Na sauko da farantin na sa hannunta a kai. Ta shafa kan da aka yanke, ta shafa ganyen, ta daɗe.

"Ka yanka ta."

"Gindin ne ya ruɓe, Kaka. In Allah ya so waɗannan za su yi saiwa."

"A faranti."

"Sai sun sha iska tukuna."

Na jira ta zage ni, ba ta zage ni ba. Ta janye hannunta ta ce, "Ni dai shuka ba ta taɓa mutuwa a hannuna ba." Ta ɗauki butarta ta lallaɓa bakin kwata ta yi alwala a can.

Kwanakin da suka biyo baya ba daɗi. In na ce, "Amarya, an tashi lafiya?" sai ta ce, "Lafiya lau," shi ke nan. Ba ja'iri, ba mara gemu. Tana zaune a tabarma, hannu a cinya, ba abin taɓawa. Ni da nake neman ta bar min fulawa, ga shi ta bari, kuma na rasa sukuni.

Maman ɗakin ƙarshe ce ta fitar da ni, ba tare da ta sani ba. A bayan ɗakinta tana da wani ganye a tsohon bokitin fenti, su suna ce masa efirin, mu kuma daddoya. Kullum cikin ruwan wanke-wanke yake, kuma kullum ƙara haukacewa yake yi. Na gaishe ta da Yarabanci har da rusunawa, na roƙi reshe biyu masu saiwa. Ta ce, "Yau kuma ni ce mama? Oya, ɗauka." Na yanka tsohuwar jarka, na huda gindinta, na cika da baƙar ƙasa, na dasa, na kawo gaban Kaka na dire.

"Tsohuwa, ga daidai ke. Wannan mashayiya ce, ko tanka kika kawo za ta shanye."

Ta miƙa hannu ta murza ganye ɗaya ta kai hanci. Sai na ga fuskarta ta saki.

"Daddoya. A ina ka sato?"

"Sadakinki ne. Kar ki ce ban taɓa ba ki komai ba."

"Sadakin ganye. Allah wadaran talaka."

Da la'asar a kanta ta yi alwala. Ba a jima ba ta kwance bakin zaninta ta fito da 'ya'yan yakuwa da na barkono, waɗanda ban san ta taho da su ba, ta sa na nemo mata wata jarkar. Baranda ta fara zama gona. Mai gidan haya ya zo ya yi ƙorafi, aka tsinko masa daddoya cikin leda, ya tafi yana godiya.

Ni kuma da bakin yankan ya bushe, na roƙi yashi a wajen masu gini a layinmu, na haɗa da 'yar ƙasa kaɗan da dakakken gawayi. Na tara gwangwanayen tumatir, na huda gindinsu da ƙusa. Kan na dasa shi a babba, ganyen kuma na kwantar da su a kan yashi kawai, ban binne ba. Na jera a taga.

Ban yarda da Kaka ɗari bisa ɗari ba, kuma ina da gaskiya. Sau biyu ina kama ta tana yarfa musu jiƙaƙƙen hannu, wai ba zubawa ta yi ba, hannunta take busarwa. Sai na ce mu yi yarjejeniya. Tunda yatsanta ya fi nawa sanin ƙasa, ita ce alƙali, ita za ta riƙa taɓawa ta faɗa ko ta bushe. Amma buta a hannuna take.

Kullum da safe sai in miƙa mata gwangwani. Kafin yatsan ya gama shiga za ta ce, "Ta bushe."

"Tsakaninki da Allah, Kaka?"

Sai ta ƙara tura yatsan, ta ja tsaki.

"Da ɗan saura."

A irin wannan zaman ne ta tambaye ni abin da ya sa na damu da ganyen da ba a ci, ba a magani, ba ya inuwa. Na gaya mata zancen Apapa da Ikeja da alkawarin Yaya. Ta ce, "Uhm," ta ci gaba da jan carbi. Ban ƙara tayar da maganar ba, ita ma haka.

Da layinta ya zo aka yi mata aikin ido ɗaya. Likita ya kafa doka: kar ta sunkuya, kuma kar ruwa ya shiga idon ko ɗigo, fuska sai dai a shafa da dabara. Na jira sai da aka dawo da ita gida, aka kwantar da ita, Umma ta fita.

"Kaka, me likita ya ce game da ruwa?"

"Fita min daga ɗaki."

"A'a, so nake in gane. Wato akwai abin da Allah ya halitta wanda ruwa ke ɓatawa?"

Ta lalubo maficinta ta jefo ni, ta samu ƙofa.

Ranar da aka cire bandeji, da ta dawo ta zauna a baranda, abin da ta fara cewa shi ne a miƙo mata gwangwani. Ta kawo shi dab da idon, ta juya shi wajen haske. A lokacin kan ya kama, ya tsaya da ƙafarsa. Ganyen da na kwantar kuwa, ban da biyu da suka bushe, kowanne ya fito da saiwoyi sirara ja-ja kamar zare, kuma a gindinsa ga wani ɗan abu kamar ƙwayar gero, da gashinsa.

"Ikon Allah," ta ce. "Ashe da gaske gashi ne." Ta juyo ta ƙare min kallo. "Kai kuma ashe haka kake da muni? Da na sani da na bar yanata."

Yau ɗaya daga cikin gwangwanayen nan tana kan teburin ogana a Ikeja, kusa da inda nake zama ina kwance wayoyi. Amma ba bakina ne ya kai ni can ba, kuma ba na Yaya ba ne.

Ga yadda aka yi. Yaya ta dawo hutun babbar salla. Ko jaka ba ta ajiye ba ta wuce taga. Ta ga gwangwanayen tumatir a jere, babba ɗaya da guntun kai a ciki wanda bai kai tsawon yatsa ba, sauran kuma 'yan mitsi-mitsi. Na ga idonta ya kawo ruwa, kuma ban ga laifinta ba. Shekaru ta yi tana tara tsawon nan.

Bayan an ci abincin rana maganar ta tashi, kowa na baranda. Baba na kan tabarma da rediyonsa, Kaka na gefe kusa da daddoyarta.

"Abu ɗaya na ce kar ka yi," in ji Yaya. "Ɗaya tak. Ruwa."

"Ai ba ta mutu ba, Yaya. Ga ta nan. Guda kika bari, yanzu ki duba, har da 'ya'ya. Riba ma aka samu."

"Ni riba na ce ka nemo min? Ina gindin? Ina tukunyata?"

"Tukunyar na nan, na wanke ta."

"Wa ya zuba mata ruwan?"

"Ruwa dai ya yi mata yawa."

"Da ƙafarsa ya zo?"

Ba zan kira sunan tsohuwa a gaban ɗanta ba.

Baba ya rage muryar rediyo. "Ai na faɗa," ya ce. "Ganye ma ke nan, wanda aka ce masa kar ya yi komai. Ina ga wayar mutane? Bayan salla mai tanka zai yi lodi, sai ya shirya kayansa."

Na kalli Yaya. Ta sunkuyar da kai tana juya gwangwani a hannu. Ta buɗe baki ta ce, "Baba, ai dai ya yi ƙoƙarin..." sai Baba ya ɗaga hannu.

"Ƙoƙari daban, riƙon amana daban. Yaron nan ba abin da zai iya tsarewa."

Kaka ta gyara zama, ta juyo da sabon idonta kan Baba.

"Ni na zuba ruwan," ta ce. "Kowace salla, da bisimillata. Kai da hannunka ka sauko min da ita daga saman kwaba, ko ka manta? Yaron nan ya raba ni da abin nan bai ɗaga min murya ba, bai kai ƙarata wajen kowa ba sai uwarsa, har yau kuma bai kira sunana ba. Kai da na haifa, ga furfura a gemunka, faɗa min abu ɗaya da ka taɓa hana ni na hanu."